Sakan Nawa Baba Ya Yi a Mita Goma?

Kowa ya san amsar "ya jiki?" a zango. Da sauƙi. Mai zazzaɓin kwana biyu da sauƙi zai ce, wanda ya shekara a kwance ma haka zai ce, kuma ko masu jinyar ka ja gefe ka tambaya, abin da za su ƙara maka ba zai wuce "alhamdulillahi, ya fi jiya" ba. Amsa ce ta ladabi da godiya, ba ni da ja da ita a wurin gaisuwa. Inda nake da ja shi ne idan ta zama ita kaɗai ce ma'aunin da gida yake da shi a kan mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, har a yi wata shida ana kashe kuɗi ana sauya magani, amma ba mai iya faɗa maka ko tafiyarsa ta ƙaru ko ta ragu tun daga ƙaramar Sallah zuwa yau.

Ra'ayina shi ne, duk gidan da ke jinyar mai shanyewar ɓarin jiki wanda ya fara taka ƙasa, to a riƙa auna saurin tafiyarsa ana rubutawa a littafi, kamar yadda da yawanmu muka koyi rubuta awon hawan jini da na suga. Kuma ina ganin aikin ƙungiyarmu ne ta koya wa mutane yadda ake yi. Ba a buƙatar komai sai tef ɗin magina, da alli, da wayar da ke aljihun kowane yaro a gidan.

Ga yadda likitocin gashi da motsa jiki, waɗanda muke ce wa fisiyo, suke yi. Ana neman wuri shimfiɗaɗɗe mai tsawon mita 14. A ja layi da alli a farkon wurin, a ja wani a mita 2, wani a mita 12, na ƙarshe a mita 14. Majinyaci zai taso daga layin farko ya yi tafiyarsa ta yau da kullum, yadda ya saba, har layin ƙarshe. Mai riƙe da waya zai danna agogon ƙidayar sakan lokacin da ƙafar gaba ta ƙetare layin mita 2, ya tsayar da shi lokacin da ta ƙetare layin mita 12. Mita biyun farko na ɗaukar hanya ne, biyun ƙarshe na rage tafiya ne, shi ya sa ba a lissafa su. A huta, a sake yi sau ɗaya ko biyu, a ɗauki matsakaicin lokacin. Idan tsakar gidan ba ta kai mita 14 ba, a yi da mita 10 a auna shidan tsakiya, amma duk wanda aka fara da shi a zauna a kansa. Haka ma takalmi da sanda da lokacin yini: in da silifa da sanda aka yi bayan la'asar, to kullum haka za a yi, domin in aka sauya ɗaya daga ciki lissafin ya ɓaci.

Sai a raba mitocin da sakan ɗin da aka samu. Wanda ya yi mita 10 a sakan 20, saurinsa rabin mita ne a kowane sakan, wato 0.5. Wanda lissafi bai dame shi ba ya rubuta sakan ɗin kawai, ya wadatar. Lafiyayyen baligi yakan gama mita goman nan cikin kamar sakan 7 zuwa 8.

To me lambar take faɗa? A 1995 wata likitar ƙashi a Amurka, Jacquelin Perry, tare da abokan aikinta a asibitin Rancho Los Amigos da ke jihar Kalifoniya, suka duba masu shanyewar ɓarin jiki 147, suka kwatanta saurin tafiyarsu da wuraren da suke iya zuwa a rayuwarsu ta kullum. Daga aikin nan aka samu rabon da har yanzu ake amfani da shi a ƙasashe da yawa. Wanda saurinsa bai kai 0.4 ba, wato mita goman ta ɗauke shi fiye da sakan 25, tafiyarsa ta cikin gida ce: ɗaki, tsakar gida, bayi. Wanda ke tsakanin 0.4 da 0.8, wato tsakanin sakan 25 da sakan 12 da rabi, zai iya fita kusa-kusa, kamar shagon bakin layi ko masallacin ƙofar gida. Wanda ya wuce 0.8 shi ne ake sa ran zai iya shiga gari. A 2009 wasu masana biyu, Stacy Fritz da Michelle Lusardi, har suka ba da shawarar a ɗauki saurin tafiya a matsayin alamar lafiya ta shida, a riƙa auna shi kamar yadda ake auna zafin jiki da bugun zuciya da sauransu, saboda yawan abin da yake nunawa game da ƙarfin mutum da hatsarin da yake ciki.

Mu dawo da lambobin nan unguwa. A ce tsakanin gidanku da masallaci mita 300 ne. Lafiyayye zai isa cikin kamar minti 4. Dattijon da ke yin mita goma a sakan 25 sai ya yi minti 12 da rabi, in har bai tsaya hutawa ba, kuma zai tsaya. Ke nan in ya fito da jin iƙama, sai dai ya tarar ana sallamewa. Kwana biyu haka, sai ya daina fita, 'ya'yansa su ce Baba ya zama mai son zaman ɗaki, alhali da an san lambarsa da an san cewa minti ashirin kafin lokaci ya kamata a fito da shi, a kuma aje masa kujera a rabin hanya.

Hausawa suna cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa tsayawa zai ƙetare babban titin Nima ko na Aboabo da yamma ba. A Ingila ana tsara fitilar masu ƙetare titi bisa zaton mutum yana yin mita 1.2 a sakan ɗaya. A nan wajenmu wurare da yawa babu ma fitilar, direban trotro da mai babur su ne ke yanke maka lokacin. Titi mai faɗin mita 14, lafiyayye zai ƙetare shi cikin sakan 12 ko ƙasa, mai yin 0.5 kuwa sai ya yi sakan 28 a tsakiyar motoci. Mutanen Madina da Adenta ba su manta da Nuwamba 2018 ba, lokacin da suka tare babban titinsu saboda yawan masu tafiya a ƙasa da motoci ke bugewa alhali gadojin ƙetarawa ba a kammala su ba. Da yawa daga waɗanda titin nan ya ci lafiyarsu ƙalau, da ƙafa biyu masu aiki. To idan ɗa ya ce "ai Baba ya warke, ya fara zuwa kasuwa shi kaɗai", ina so ya iya faɗa mini sakan nawa Baban yake yi a mita goma kafin in taya shi murna.

Amfanin da ya fi girma a wurina kuwa shi ne ganin canji. Idon mai jinya ba ya ganin ƙaruwar da ke zuwa kaɗan-kaɗan, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗan da take tare da shi kullum sai baƙo ya zo ya faɗa. Majinyacin ma ba ya gani. Abin da yake gani shi ne har yanzu ƙafar tana ja, har yanzu sai da sanda, har yanzu ba shi ne mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaukar buhu a kasuwa ba. Amma idan littafi ya nuna wata guda da ya wuce sakan 40 ya yi, yau kuma sakan 29, wannan magana ce da ba lallashi a cikinta, kuma ya san ba lallashi ba ne. Wani bincike na 2010 a Amurka ya nuna cewa a watannin farko bayan ciwon, ƙarin 0.16 a saurin tafiya shi ne wanda ke zuwa tare da canjin da ake gani a rayuwar mutum. A lissafinmu, kamar wanda ke yin sakan 25 ne ya dawo sakan 18. Bambancin sakan ɗaya ko rabi tsakanin wannan mako da wancan ba abin murna ko tashin hankali ba ne, yatsan mai danna waya ma yana iya jawo shi.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damuna. A birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak an bi masu shanyewar ɓarin jiki 804, aka buga sakamakon a 1995, aka ga cewa kashi 95 cikin ɗari sun kai iyakar tafiyar da suka farfaɗo da ita cikin mako 11 na farko. Wannan ba ya nufin bayan wata uku an rufe ƙofa. Mutane suna ƙara sauri ko bayan shekara idan suka dage da atisaye. Amma watannin farkon nan su ne damina, ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sabuwar hanya a cikinsu. Mu kuwa a watannin nan ne muke kwantar da mutum saboda tausayi. A kawo masa koko har shimfiɗa, a kawo masa ruwan alwala, a kawo fo, jika ya miƙo masa carbi, ba a bari ya taka ko nan da ƙofa don kada ya faɗi ko kada mutane su ce 'ya'yansa ba sa kula da shi. Sai an yi wata huɗu ƙafar ta ƙage, gwiwa ta sandare, sannan a fara neman fisiyo. Gidan da ke auna tafiya duk mako biyu ba zai iya yin wannan sakacin bai sani ba, domin littafin zai nuna masa shafi babu komai.

Kada a ɗauka ina cewa a tayar da mutum ranar da ciwon ya same shi. An gwada hakan a wani babban bincike da aka yi a ƙasashe da dama, aka buga a 2015, a kan mutum sama da 2,000, aka ga waɗanda aka matsa musu da yawan tashi cikin awa 24 na farko ba su kai sauran samun sauƙi ba. Ranar farawa likitocin asibiti ne ke faɗa. Awon da nake magana a kai na wanda aka sallamo ne, wanda fisiyo ya ce zai iya takawa.

Yanzu bari in taɓa inda wasu ba za su so ba. Kusan kowane gida da wannan ciwo ya shiga, an kai majinyaci wurin mai maganin gargajiya, ko an kawo mai shafa da tausa gida, ko an sayo wata kwalba da aka ji tallarta a rediyo. Ban zo in zagi kowa ba, wasunsu iyayenmu ne, kuma sun fi mu zama da marasa lafiya. Amma ga abin da ya kamata a sani: a makonnin farko yawancin waɗanda suka tsira daga ciwon jikinsu yana farfaɗowa da kansa, saboda kumburin da ke ƙwaƙwalwa yana sauka, sassan da ba su mutu ba suna karɓar aiki. Duk wanda hannunsa ke kan majinyaci a lokacin shi zai sha yabo, ko likita ne ko mai saiwa. Bayan wata biyar kuma, lokacin da farfaɗowar ta lafa, sai a ci gaba da biyan sidi ɗari-ɗari duk mako saboda sauƙin da aka gani tun farko. Littafin awo ba ya jin kunyar kowa. Idan wata biyu ana shan kwalbar nan lambar ba ta motsa ba, gida yana da hujjar tsayawa ya sake tunani. Haka kuma idan wata biyu ana ɗaukar tasi zuwa asibiti lambar ba ta motsa ba, gida yana da hujjar ya tambayi fisiyo me za a sauya. Ma'auni ɗaya ne ga kowa. Abu biyu dai ba sa jiran awo: kada wani ya ce a ajiye maganin hawan jini saboda ana shan nasa, kuma kada a gasa ɓarin da ya shanye da ruwan zafi, domin fatar wajen sau da yawa ba ta jin zafi sai ta ƙone.

Maganar hawan jini ba ƙarami ba ce a nan. Babban binciken SIREN, wanda aka yi a asibitoci 15 na Gana da Nijeriya, da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da Farfesa Fred Sarfo na Kumasi cikin jagororinsa, ya nuna a 2018 cewa hawan jini yana da hannu a kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, kuma matsakaicin shekarun waɗanda ciwon ya kama 59 ne. Shekara 59 mutum ne mai shago, mai 'ya'ya a makaranta, mai haya a wuyansa. Ko zai koma bakin sana'arsa ko ba zai koma ba, sau da yawa ƙafarsa ce za ta yanke.

Wani zai ce ai mu ba mu da injinan da Turawa ke da su, awo me zai ƙara mana. A 2011 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka a ƙarƙashin Pamela Duncan, a kan mutum 408. Wasu aka ɗora su a kan injin tafiya mai tsada wanda ke rataye mutum da ɗamara yana rage masa nauyin jiki, wasu kuma fisiyo ya riƙa zuwa gidajensu yana sa su atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa. Bayan shekara guda kusan rabin mutanen, kashi 52 cikin ɗari, sun hau mataki na gaba a rabon nan na Perry, kuma injin bai fi atisayen gida ba. Gaskiya ne ƙwararre ne ke zuwa gidan, har zuwa 36, kowane zuwa awa ɗaya da rabi, abin da kaɗan daga cikinmu za su iya biya. Duk da haka darasin yana nan: abin da ya ɗaga mutanen shi ne yawan maimaitawa a ƙarƙashin ido mai sani, kuma da agogo da mita goma aka gane hakan. Asibitin Korle Bu ya buɗe sashe na musamman don masu wannan ciwo tun 2014, Komfo Anokye da asibitin koyarwa na Tamale suna da sashen fisiyo. Wanda ya je musu da littafi a hannu, da kwanan wata da sakan a jere, ya sauƙaƙa musu aiki, kuma minti goma sha biyar ɗin da zai samu bayan dogon layi za su fi yi masa amfani.

Akwai ƙorafe-ƙorafe a kan wannan ra'ayi, wasunsu kuma masu nauyi ne.

Na farko, sauri ba shi ne komai ba. Tsakar gida mai siminti daban, lungun zango daban. Tsakanin ɗaki da bakin titi akwai kwata da za a tsallaka a kan katako ɗaya, akwai duwatsu, akwai ruwan wanki, akwai awaki da yara masu ƙwallo, ga dokin ƙofa mai tsawo da aka yi don kare ambaliya. Mutum zai iya yin mita goma a sakan 12 a kan siminti ya kasa taka matakalar trotro, ya kasa tsugunawa a bayin haya, ya kasa tasowa daga sujada. Rabon Perry ma a Amurka aka yi shi, inda gefen titi shimfiɗe yake. Wani bincike na 2017 da aka yi da na'urar ƙidaya taku ya nuna cewa nisan da mutum zai iya yi cikin minti shida ya fi saurin mita goma nuna wanda ke fita gari da gaske, inda aka ga iyakar tana wajen mita 205 ga mai fita kusa, da mita 288 ga mai zuwa ko'ina. Na yarda da duk wannan. Shi ya sa nake cewa a gefen lambar a riƙa rubuta layi ɗaya na abin da ya iya a makon: ya je bayi shi kaɗai, ya tsallake dokin ƙofa ba a riƙe shi ba, ya kai shagon mai burodi ya dawo. Amma kasancewar awon bai faɗi komai da komai ba bai sa ido ya fi shi ba.

Na biyu ya fi tsoratar da ni: kada awo ya zama tsere. Mun san halin samarinmu, da zarar an ce agogo sai a fara "Baba ƙara wuta, saura kaɗan". A wani bincike a Ingila da aka buga a 1995, kusan uku cikin huɗu na tsofaffin da aka sallama bayan wannan ciwo sun faɗi aƙalla sau ɗaya cikin wata shida. Faɗuwa ɗaya da karayar ƙugu tana iya shafe aikin wata biyar. Don haka lokacin awo ba a magana, ba a kirari, ba a tafi. Mutum ɗaya mai ƙarfi ya bi shi a ɗan baya ta ɓangaren da ya shanye, hannunsa a shirye amma bai riƙe shi ba. In dole sai an riƙe, a riƙe ta ƙugu, a kuma rubuta cewa an riƙe. Kada a taɓa jan hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. In ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi masa wuya, an gama na ranar. Sannan akwai saurin da ba alheri ba ne, inda mutum ke wurga ƙafar ta gefe kamar lauje yana jingina duk nauyinsa a kan mai lafiyar. Lambar za ta yi kyau, tafiyar kuwa tana lalacewa. Wannan idon fisiyo ne ke gane shi, wani lokaci ma takalmin roba mai tallafe idon sawu zai ba da don yatsun su daina sharar ƙasa. Littafin gida ba ya maye gurbinsa.

Na uku shi ne zuciya da kunya. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani, irin wanda shi ma ciwo ne mai magani. Mutumin da ke cikin wannan hali idan aka ce masa lambarsa ba ta motsa ba, ana iya ƙara karya shi. Kuma ba ƙaramin abu ba ne dattijon da unguwa ke tashi tsaye in ya shigo, a ce jikansa ne ke tsaye da waya yana ƙirga masa taku a gaban masu haya. Wannan ƙorafin ba a amsa shi da lissafi, sai da ladabi. A nemi izninsa, a gaya masa dalili, a zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, a bar shi ya zaɓi wanda zai riƙe wayar. Littafin nasa ne, ba a karanta wa 'yan dubiya. In lambar ta tsaya, ba dole ne a sanar da shi a ranar ba, amma dole ne mai kula da jinyar ya sani, ya kai wa likita. Iyayenmu mata su ne abin ya fi shafa. Namiji ko ba komai abokai za su zo su ja shi zuwa masallaci ko majalisa. Hajiya kuwa tana iya shekara tsakanin gado da ƙofar ɗaki, kowa yana yabon 'ya'yanta da surukanta saboda ba sa bari ta ɗaga ko tsinke, ƙafarta kuma tana mutuwa a hankali. Mata su auna mata, a cikin gida, ba sai kowa ya gani ba.

Ga 'yan'uwanmu da ke Bronx da Hambug da Landan da Jidda, waɗanda wannan takarda ke isa gare su ta WhatsApp: ku ne kuke turo kuɗin jinya, ku ne kuma aka fi ɓoye wa gaskiya don kada hankalinku ya tashi. A bidiyo za a zaunar da Mama a kujera, a ɗaura mata sabon ɗankwali, ta ɗaga hannu mai lafiyar ta ce da sauƙi. Ku roƙi a riƙa turo muku hoton shafin littafin duk ƙarshen wata. Ba don ku tuhumi ƙannenku da ke fama da jinyar dare da rana ba, su ma lambar za ta kare su ranar da wani ya dawo hutu ya ce ba a yi komai ba. Kuma in za ku turo kaya, kuɗin zuwa fisiyo da sanda mai daidai tsawonta da takalmi mai kama ƙafa sun fi injin tausa mai lantarki da zai ƙare a ƙarƙashin gado.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiya kaɗan ne. A samu wuri ɗaya mai inuwa da sirri, ko harabar makarantar Islamiyya ranar da ba karatu, a ja layukan nan huɗu da fenti don kada a riƙa aunawa kullum. A gayyato fisiyo ɗaya, a biya shi kuɗin mota da na wahala, ya koya wa matasa shida, maza uku mata uku, yadda ake awon da yadda ake tsare mutum kada ya faɗi. A buga ƙaramin kati mai gurbin kwanan wata, sakan, abin dogarawa, awon hawan jini, da layin "abin da ya iya a wannan makon". Ranar 29 ga Oktoba ita ce ranar wannan ciwo ta duniya, ta isa a sa ta a gaba a matsayin ranar farawa. Waɗanda ba za su iya fitowa ba, matasan su bi su gida duk mako biyu.

A bayan katin kuma a rubuta da manyan baƙaƙe abin da za a yi idan lambar ta koma baya. Wanda ke yin sakan 18 ya koma 26 cikin mako biyu, akwai dalili: ko zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko sabon magani da ke sa shi jiri, ko ya faɗi ya ɓoye, kuma a kai shi asibiti a cikin makon. Idan kuwa faɗuwar ta zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya saki, to ana zaton ciwon ne ya dawo, domin wanda ya taɓa yi ya fi kowa hatsarin sakewa. A nan ba a jiran gari ya waye, ba a ɗura masa ruwa ko magani a baki saboda yana iya shaƙewa. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. A kira 112 ko a tari mota mafi kusa zuwa babban asibiti.